Ƙarfen da Ya Ƙi Zama: Tarihin Awo Tsakanin Maƙeri da Masana'anta

Duk wanda ya taɓa haɗa wani abu da hannunsa ya san wannan takaici. Ka yanka katako, ka haɗa, ka goge, ka shafa fenti, abu ya yi kyau har maƙwabta suna leƙowa. Saura ƙarfe kawai: mariƙi, ko sakata, ko sandar da za ta danne gilashi. Ka biya kuɗin mota daga Birnin Kudu ko Gwaram, ka bi ta Wudil ka shiga Kano, ka yini a kasuwar Ƙofar Ruwa kana zagaya rumfuna, ka dawo da dare da ƙarfenka a ƙunshe. Gari na wayewa ka ɗora shi a kan katakon, sai ka tarar ya gaza da faɗin ɗan yatsa. Ƙarfe ba ya miƙuwa kamar roba, mai rumfa kuma ya riga ya faɗa maka cewa abin da ya fita ba ya dawowa.

Wannan ƙaddara tana faɗa wa kafintan da ke haɗa teburin sunuka, da mai yin akwatin sifika na masu kiɗan biki, da mai kantar gilashi da ake jera wayoyi a ciki. Akan ɗora laifin a kan sakacin mai aikin ko rashin gaskiyar ɗan kasuwa. Wani lokaci haka ne. Amma akwai wani dalili da ya girme su duka biyu. A tarihi, hanyoyi biyu 'yan Adam suka bi don ƙarfe ya zauna daidai a mazauninsa, kuma mu a ƙasar Hausa mun saki ɗaya ba mu gama kama ɗayar ba.

Zan fara da wani akwatin wasa na Amurka, domin an rubuta awonsa dalla-dalla, saboda haka matsalar ta fi fitowa fili a jikinsa. Daga nan sai mu dawo gida.

Akwatin da aka auna a Chicago

Finbol wasa ne da ake yi a cikin dogon akwati mai ƙafa huɗu, wanda aka rufe samansa da gilashi. A ciki akwai allo mai ɗan gangare. Mai wasa yakan harba 'yar ƙwallon ƙarfe zuwa sama, ta gangaro tana bugun turaku ana ƙirga masa maki, shi kuma yana danna maɓallai biyu na gefe don wasu 'yan fukafukai su mayar da ita sama kafin ta faɗa rami. Asalinsa wasan Faransawa ne na ƙarni na 18. A 1871 wani mutumin Ingila da ke zaune a Amurka, Montague Redgrave, ya yi rajistar maharbin ƙwallo mai sifirin. A 1931 David Gottlieb na birnin Chicago ya fitar da samfurin da ake jefa wa kwabo, ya kuwa sami kasuwa. Kamfaninsa ne kuma ya ƙara fukafukan nan a 1947. Hukumomin birnin New York sun ɗauke shi caca, suka haramta shi daga 1942 har zuwa 1976.

Har zuwa wajen 1960, katako ake sa wa a gefen gilashin. Daga nan kamfanoni suka koma ƙarfe: dogayen ƙarafa biyu a gefe, da sanda mai faɗi a gaba wadda ke kulle gilashin kuma mai wasa yake ɗora tafin hannunsa a kai, da ƙafafun ƙarfe, da ƙofar jefa kuɗi. Waɗannan ƙarafa sun wuce ado. Su ne ke hana gilashi zamewa ya faɗo wa mutum a ƙafa, su ne kuma ke ɗauke da nauyin akwatin idan mai wasa ya ture shi cikin zafin wasa.

A watan Oktoba na 1999 kamfanin Williams, wanda ya fi kowa girma a wannan sana'a, ya rufe sashensa na finbol. A shekara ta 2000 aka fito da manhajar Visual Pinball, wadda ke kwaikwayon wasan a kwamfuta. Bayan 'yan shekaru, da talabijin mai faifai ta yi araha, masu sha'awa suka fara haɗa akwatin a gida: su kwantar da talabijin a inda allon wasa yake, su ɓoye kwamfuta a ƙasa.

A nan ne lissafi yake rikicewa. Akwatin Williams na yau da kullum faɗinsa inci 22 ne daga waje. An yi shi da katako mai kaurin kashi uku cikin huɗu na inci, don haka cikinsa inci 20.5 ne. Akwai wani babba da ya fi shi da kusan inci 3. Ƙarafan da ake sayarwa a shirye, domin waɗannan biyun aka yi su. Ita kuwa talabijin mai inci 43, hotonta kaɗai a ɓangaren da ya fi gajarta ya kai inci 21.1, ba a ma sa bakinta ba. Ba za ta shiga ƙaramin akwatin ba. Mai haɗawa sai ya ce abu mai sauƙi, ya ƙara wa akwatinsa inci ɗaya. Da ya yi haka, ya fita daga ƙaramin awo bai kai babba ba, kuma babu sandar gaba a kasuwa da za ta zauna masa, sai dai ya ba da a ƙera masa tasa ita kaɗai, da tsada.

Mu ɗauka wani saurayi a Birnin Kudu ya ga wannan a intanet ya yi sha'awa. Shi matsalarsa ta ninka. Katakon da zai samu mai milimita 18 ne, alhali kashi uku cikin huɗu na inci milimita 19.05 ne. Gefe biyu, ya yi asarar milimita 2 tun kafin ya buga ƙusa. Ƙusoshin da ke ɗaure ƙafafun akwatin kuma na Amurka ne, kaurinsu milimita 9.5, da layin zare 16 a kowane inci, wato tazarar kusan milimita 1.59 tsakanin layi da layi. Wadda zai samu a shagon gari mai milimita 10 ce, tazarar zarenta 1.5. A ido kamarsu ɗaya. Amma Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane: ba za ta ɗauru ba, idan kuma aka tilasta mata da sifana sai ta cinye zaren gaba ɗaya.

Yadda kakanninmu suka yi

Ƙira ba baƙuwar ƙasar nan ba ce. Labarin baka na Abagayawa ya ce kakansu maƙeri ne mai suna Kano, wanda ya taso daga Gaya yana neman tama har ya zauna a gindin Dala. Binciken masu tonon ƙasa ya nuna ana narka ƙarfe a wajen Dala tun kusan ƙarni na 7. Sana'ar ta rabu biyu: maƙeran baƙi, masu fartanya da gatari da lauje da mashi, da maƙeran fari, masu aikin azurfa da tagulla, su ne masu zobe da munduwa da adon sirdi da linzami. Idan ana maganar ƙarfen ado da ake lulluɓa wa wani abu, to aikin maƙeran fari ne tun asali.

Dubi yadda ake ɗaura fartanya. Manomi ya zo da ƙotarsa, wadda ya zaɓa daidai da tsayinsa da ƙarfin hannunsa. Maƙeri ya huda ta, ya sa tsinin ruwan fartanyar a wuta, ɗan zuga yana zuga, har ya yi jawur. Sai ya kama shi da awartaki ya cusa a ramin. Ƙarfen ya ƙone wa kansa mazauni daidai jikinsa. Babu wanda ya auna komai, amma zaman da ya yi ya fi na ƙusar masana'anta. Sharaɗi ɗaya ne: dole ƙota da ruwa su haɗu a gaban maƙeri. Ruwan wannan fartanya na wannan ƙota ne, idan aka mayar da shi wata sai an sake sa shi a wuta.

Awon da ake da shi ya ishi irin wannan aiki. Kamu daga gwiwar hannu ne zuwa ƙarshen yatsa, taƙi buɗin tafin hannu ne, gaba kuwa buɗin hannu biyu. Kamun dogon mutum ya fi na gajere, kowa ya san haka, shi ya sa ake awon a gaban mai saye.

Har kayan da suka zo daga ƙetare ma haka ake yi musu. Matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya shigo Kano a watan Fabrairu na 1851, zamanin Sarki Usman. Ya ƙiyasta cewa ana shigo da ruwan takobi kusan 50,000 a shekara ta hanyar Sahara, akasarinsu ƙirar garin Solingen na Jamus. Tsirara suke zuwa. A Kano ake sa musu ƙota, dukawa su ɗinka musu kube, sannan a sake fitar da mafi yawansu zuwa wasu ƙasashe, kuma Barth ya lura cewa Kanawa suna cin riba mai yawa a wannan aiki. Maƙerin Solingen bai taɓa ganin ƙotar ba, na Kano kuma bai aika masa da awo ba. Ba su bukatar haka, domin na Kano ya ɗauki kowane ruwa shi kaɗai ya yi masa abin da ya dace da shi.

Wannan ba labarin birni kaɗai ba ne. A wancan zamani Birnin Kudu da Gwaram garuruwan bakin iyaka ne na ƙasar Kano, suna fuskantar duwatsun Ningi. Daga tsakiyar ƙarni na 19 Ningawa suka riƙa kai hari kudancin Kano, Sarki Abdullahi Maje Karofi, wanda ya yi mulki daga 1855 zuwa 1882, ya sha fama da su. Garin da ke cikin wannan hali ba zai jira Kasuwar Kurmi ba idan mashi ya karye ko linzami ya tsinke. Tsaron gari ya rataya a kan akwai maƙeri a cikin ganuwa, wanda za a kai wa abin da ya lalace ya gani da idonsa.

Hanya ta biyu

Yaƙi ne kuma ya haifi ɗaya hanyar, a Turai. Bindigar da maƙeri ya yi da hannu, idan kunamarta ta lalace a fagen fama, ba a iya cire ta wata a sa mata. A 1785 wani maƙerin bindiga na Faransa, Honoré Blanc, ya nuna wa manyan ƙasarsa wani abin mamaki: ya wargaza kunamun bindigogi da dama, ya cakuɗa sassan, sannan ya riƙa ɗaukar kowane da ka yana haɗawa, suna zama. Thomas Jefferson, jakadan Amurka a Faransa a lokacin, ya ga aikin ya rubuta wa gwamnatinsa.

Abin ya fi sauƙi a faɗa. Eli Whitney ya karɓi kwangilar bindigogi 10,000 daga gwamnatin Amurka a 1798, da alkawarin gamawa cikin kusan shekara biyu. Sai a 1809 ya kammala, kuma masana sun gano daga baya cewa sassan bindigoginsa ba sa musanyuwa yadda aka yi ta yayatawa. Wanda ya cim ma abin da gaske shi ne John Hall, a maƙerar gwamnati ta Harpers Ferry, cikin shekarun 1820. Sirrinsa tarin ma'aunai ne na ƙarfe: kowane sashe sai an gwada shi a jikin ma'auninsa, idan bai shiga ba a jefar. Hukunci ya tashi daga idon maƙeri ya koma ga ma'auni.

Sai dai ma'aunin masana'anta ɗaya ba ya amfanar wata sai sun yi yarjejeniya. A 1841 Joseph Whitworth na Manchester ya tattara ƙusoshi daga masana'antun Ingila, ya fitar da tsari ɗaya na zare mai kusurwar digiri 55, kamfanonin jirgin ƙasa suka karɓa. A 1864 William Sellers na Philadelphia ya fitar da na Amurka mai digiri 60. Faransa da Jamus kuma suna kan mita da milimita. A Yaƙin Duniya na Biyu, Ingila da Amurka suna ɓangare ɗaya amma notin wannan ba ya shiga ƙusar wancan, abin da ya jawo musu wahala wajen gyaran kayan yaƙi. Shi ya sa a 1949 su biyun da Kanada suka amince da zare guda. Shi kansa inci, sai a 1959 aka tsayar da shi a kan milimita 25.4 daidai.

Abin da wannan hanya ta kawo shi ne, ƙarfe zai iya yin tafiya shi kaɗai. Wanda ya ƙera shi ba ya bukatar ganin inda za a sa shi. Farashin kuwa, dole kowa ya miƙa wuya ga lamba ɗaya, mai yin jiki da mai yin ƙarfe.

Awo uku a kasuwa ɗaya

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, layin Nguru kuma ya kammala a 1930, ya ratsa arewacin abin da yake Jihar Jigawa a yau. Birnin Kudu da Gwaram ba su sami dogo ba, rabonsu hanyar mota ce. Amma abin da jirgi ya kawo ya iske kowa. Ƙarfen Turai ya yi yawa ya yi araha, har haƙar tama da narka ta suka daina biyan wahalarsu, sana'ar ta mutu a hankali. Maƙera suka koma ga abin da Turawa suka yar: guntun dogo, sifirin ɗin mota, ganga, garwar kananzir, da langa-langar da ake ɗaure dilar kaya da ita. Da gangar aka yi akwatin ƙarfe da ƙofa da kasko. Langa-langa ta zama abin ɗaure kusurwar akwatin katako, ragowarta kuma yara suka yi mota da ita. Maƙerin Bahaushe ya sami sabon ƙarfe, amma ya ci gaba da tsohuwar hanyarsa: a kawo abu ya gani, ya yanka daidai da shi.

Kayan masana'anta kuwa da awonsu suka zo, kuma ba iri ɗaya ba. Keken Raleigh, wanda ya zama abin alfahari a ƙauye da birni, misali ne mai kyau. Kamfanin, da ke Nottingham, yana da zarensa na kansa mai layi 26 a inci a wurin da ake ɗaura feda da wuyan keke, alhali sauran kamfanonin Ingila suna kan 24. Mai gyaran keke a kasuwar Sara bai karanta wannan a littafi ba. Hannunsa ne ya gaya masa cewa kayan wannan keke ba sa shiga wancan, duk da cewa daga ƙasa ɗaya suka fito.

A farkon shekarun 1970 Najeriya ta yi niyyar shiga tsarin duniya gaba ɗaya. An kafa hukumar kula da ingancin kayayyaki a 1971. An koma tuƙi a hannun dama a watan Afrilu na 1972. Naira da kwabo sun maye gurbin fam da sule a ranar 1 ga Janairu, 1973. Dokar ma'aunai ta 1974 ta tsayar da mita da kilo da lita. Kamfanin Peugeot ya fara haɗa motoci a Kaduna a 1975, da ƙusoshinsa na milimita. Babura kuma suka kwararo daga Japan, su ma da milimita, amma da nasu salon: ƙusa mai kaurin milimita 8 a motar Turai sifana mai lamba 13 take sha, a babur ɗin Japan kuwa mai lamba 12. Tsohuwar motar Amurka tana son rabin inci, wato milimita 12.7, wanda ya faɗa tsakanin su biyun.

Doka ta sauya takarda, ba ta sauya bakin kasuwa ba. Har gobe kafinta da inci da ƙafa yake sayen katako, ƙusa ma inci uku ko inci huɗu ake cewa. Faifan katako ƙafa 8 ne da ƙafa 4, amma kaurinsa da milimita ake faɗa. Mai yankan gilashi yakan karɓi tsawo da faɗi da inci, kauri da milimita. Makanike yana kan milimita. Mutum ɗaya mai haɗa akwati ɗaya zai bi ta hannun waɗannan duka, kowa da harshensa.

Abin da zai iya haɗa su shi ne masana'antun gida da za su riƙa fitar da ƙarafa a kan awo ɗaya, har kasuwa ta saba. An yi yunƙurin. An ƙulla kwangilar Ajaokuta da Tarayyar Sobiyet a 1979, amma babbar tanderunta ba ta taɓa narka tama ba. An kafa kamfanin ƙera injinan aikin ƙarfe a Osogbo a 1980 tare da haɗin gwiwar Indiya. An buɗe masana'antun murza ƙarfe a Katsina da Jos da Osogbo a farkon shekarun 1980. Sai farashin mai ya faɗi, tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira, masana'antu suka riƙa durƙushewa. Gurbin da suka bari, kayan gwanjo da na Sin da na ko'ina suka cike shi.

Shi ya sa kasuwanni irin su Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna suke yadda suke. Mutum zai sami kusan komai, amma ba da lamba ake nema ba. Abin da za a fara tambayarsa shi ne, ina tsohon? Sai ya fito da samfur a ɗora a kan sabo a gani. Tsohuwar ƙa'idar maƙera ce ta dawo cikin kasuwar kayan masana'anta: sai an haɗa su ido da ido.

Komawa ga akwatin

Yanzu za a gane kuskuren saurayinmu. Ya gina jikin akwatin ta hanyar kakanninsa, wato daidai da abin da ke hannunsa, talabijin ɗin da ya samu da katakon da ke kasuwa. Sannan ya je neman ƙarfe ta hanyar masana'anta, yana zaton akwai wanda aka yi dominsa. Hanyoyin biyu kowace tana aiki, amma ba a fara da ɗaya a ƙare da ɗaya.

Idan ya zaɓi hanyar masana'anta, to ƙarfe ne farko. Ya sayi sandar gaba da ƙarafan gefe da ƙafafu da ƙusoshinsu da notinsu tun bai taɓa zarto ba. Ya auna su da kansa, da tef ɗaya, da awo iri ɗaya daga farko har ƙarshe. Ya yanka katako daidai da su, domin katako yana yafiya, ana iya fere shi ko a yi masa ciko. Talabijin ma ya zaɓe ta daidai da akwatin: mai inci 40, wadda hotonta inci 19.6 ne a gajeren ɓangare, tana da wurin zama a cikin inci 20.5 idan bakinta siriri ne. Kuma kada ya yarda da lambar da ke jikin kwali, domin tsawon kusurwa zuwa kusurwa take faɗa.

Idan kuwa ya riga ya gina, to ya bar wahalar da kansa a kasuwa, ya koma hanyar maƙeri. Ya ɗauki akwatin kansa, ko aƙalla ya yanka samfurin bakinsa a kwali, ya kai wa mai walda ko mai aikin alminiyam, irin masu haɗa taga da kanta. Su lanƙwasa masa faifan ƙarfe a jikin abin, a goge kaifin baki da magagari saboda hannun yara, a sa ƙusoshin milimita da ake samu a gari tare da notinsu, yadda idan ɗaya ta ɓace gobe za a sami madadinta. Ba zai yi ƙyallin na Chicago ba, amma zai zauna, kuma zaman shi ne abin da ke riƙe gilashi.

Akwatin wasa ƙaramin abu ne. Amma wannan matsala ita ce ke jikin injin niƙa, da injin casar shinkafa, da amalanken shanu, da ƙofofin da masu walda suke jerawa a bakin titi. Gwanintar masu yin su ba abin musu ba ce. Sai dai kowane ɗaya shi kaɗai ne irinsa a duniya. Idan wani sashe ya karye ana tsakiyar kaka, ba a iya aika yaro da lamba ya sayo. Sai a kwance injin a ɗora a mota, a nemi wanda ya yi shi, idan yana nan. Mai sana'ar ma abin yana taƙaita shi: ba zai iya ƙera sassa ɗari ya ajiye ba, ba zai iya raba aiki da wani a Dutse ko Kano ba, kasuwarsa ta tsaya iya inda ƙafarsa take kaiwa.

Kada a ce ba mu iya yarjejeniya ba. Dubi bulo. Daga Gwaram har Sakkwato, idan magini ya ce mai inci tara ko mai inci shida, kowa ya san abin da ake nufi, ana kuma iya fara gini da bulon wani gida a ƙarasa da na wani. Abin da ya tabbatar da haka shi ne kowa yana bugawa a cikin ma'auni iri ɗaya, irin dabarar John Hall. Ma'aunin nan kuwa masu waldarmu ne suke ƙera shi. Da ƙungiyar masu walda da ta kafintoci a gari ɗaya za su zauna su tsayar da awo uku ko huɗu na ƙofa da taga, da kaurin ƙusa guda na injin niƙa, su ƙera ma'aunai su rataye a kowace rumfa, da an rage tafiyar Kano da yawa. Ba aikin mutum ɗaya ba ne, domin ƙarfe ɗaya ba ya amo.

Kafin a kai ga haka, wanda zai tafi Ƙofar Ruwa neman ƙarfe ya sa tef ɗinsa a aljihu, ya kuma riƙe samfurin abin da yake nema a hannu. Maƙeran da suka ɗaura takubban Solingen ba su taɓa yanka ƙota ba sai ruwan yana gabansu.